Malamar Alhamis da Juma'a

Shekara goma sha tara Geeske Wierenga da Marrit Algra suka yi suna koyar da lissafi a kan kujera ɗaya, amma da wuya ka gan su tare a makaranta. Aiki guda suka raba biyu, kamar yadda mata da yawa ke yi a ƙasarsu. Marrit na da Litinin, Talata da Laraba, Geeske na da Alhamis da Juma'a. Aji ɗaya, yara ɗaya, tebur ɗaya. Abin da ya haɗa su wani littafi ne mai baƙin bango da ke zaune a aljihun tebur na hagu. Ranar Laraba bayan an tashi, Marrit za ta rubuta da shuɗiyar tawada inda aka tsaya, wa ya gane, wa kuma ya yi kamar ya gane. Ranar Juma'a Geeske ta amsa mata da koriya. In littafi ya cika su sayi wani. Sun cika ashirin da uku, duk suna jibge cikin kwali a ɗakin saman gidan Geeske da ke garin Appingedam, domin a wancan lokacin gidan Marrit cike yake da ƙananan yara masu yage duk abin da hannunsu ya kai.

A cikin littafi na uku ne abin ya samo asali. Kowace shekara 'yan aji ɗaya na sakandare sukan yi tuntuɓe a wuri guda, wato lambar da ta gaza sifili. Littafin karatu ya ce a koya musu da ma'aunin zafi da sanyi. Geeske ba ta taɓa yarda da wannan ba. Yaro a jikinsa ya san sanyi, ba a lamba ba. Ita kuwa mahaifinta mai gadin injin zuƙe ruwa ne a bakin gonaki, domin yankinsu kwari ne da ke ƙasa da teku, sai ana zuƙe ruwa ake zama, tun kafin ta iya karanta sunanta ta iya karanta allon awon ruwa da ke kafe cikin magudana. Wata Juma'a cikin Nuwamba ta rubuta da koriyar tawadarta: "Me zai hana mu aike su kowa ya gano mita nawa gidansu yake ƙasa da teku? Teku shi ne sifili." Ranar Laraba amsa ta zo da shuɗi: "Kin haukace. Mu gwada."

A yi wa Marrit adalci. Ita ce ta kwashi yara talatin a kan kekuna, cikin ruwan sama, ta bi da su magudana bayan magudana. Ita ta shawo kan iyayen da suka ce ba su aiko 'ya'yansu makaranta don su dawo da jiƙaƙƙen takalmi ba. Tunanin na Geeske ne, ƙafafun na Marrit ne, a kan haka suka yi ta gini shekara da shekaru. Abu ɗaya ne ya gagare su: yadda za a nuna wa yaro dalilin da ya sa lambar ƙasa sau lambar ƙasa take ba da lambar sama. A nan kam sai su ce wa yara, "Ku haddace kawai," kowace tana jin kunyar kanta.

Wata Alhamis cikin Fabrairu, Geeske na cin burodinta da cuku a ɗakin malamai, sai ga Marrit ta shigo, ko rigar ruwanta ba ta tuɓe ba.

"Wa ya mutu?" in ji Geeske. "Ke a nan ranar Alhamis?"

"Ba wanda ya mutu. Matsa in zauna." Marrit ta zauna, ta cire safar hannu, ta mayar. "Kin san lambar yabon nan ta ƙungiyar malaman lissafi? Wadda suke ba malami ɗaya kowace shekara?"

"Wadda suka ba mutumin nan bara don ya koyar da kusurwa da rawa? Na sani."

"Dijkhuis ya aika da sunana. Sun ce ni ce."

Dijkhuis shi ne shugaban makarantar, mutum ne mai son ganin sunan makarantarsa a jarida. Geeske ta ajiye burodin.

"Saboda maganar teku?"

"Saboda ita. Na je na same shi, na ce mu biyu ne fa. Ya ce shi ya sani, fom ɗin ne bai sani ba. Layi ɗaya suka bari don suna. Kuma dokarsu ta ce sai mai koyarwa aƙalla kwana uku a mako." Ta dubi Geeske cikin ido. "Gees, in kin ce in ƙi, zan ƙi."

"Kada ki yi wauta," in ji Geeske.

Ta faɗe shi ne tana jiran a sake tambayarta. Da Marrit ta ce, "Kin tabbata?" da wataƙila ta buɗe baki ta faɗi abin da ke ranta. Amma a nan ba a tayi sau biyu. In aka miƙo maka gwangwanin biskit ka ce a'a, an rufe ke nan, an mayar kan kanta. Geeske ta san haka tun tana rarrafe, ita ma haka take yi wa baƙinta.

Marrit ta sauke ajiyar zuciya. "Na san haka za ki ce. To, akwai abu ɗaya kuma. Suna so su buga ɗan littafi daga littattafanmu, a raba wa malamai ranar bikin. Sunanki zai fito, wannan kam na yi miki alkawari. A littafin, da kuma a jawabina."

"Sai ki zo ki ɗauka. Ba ni hawa da kwali ina sauka da wannan gwiwar."

Jurjen, mijin Geeske, shi ne ya sauko da kwalin ranar Asabar. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya bar aiki amma bai bar surutu ba. Ya ajiye kwalin a bakin ƙofa yana haki.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," ya ce. "Uwargida, ke da kika tsayar da fada a ƙofar coci kika gyara masa lissafin shekarun annabawa, yau kin kasa cewa abinki naki ne?"

"Yabon kai jahilci."

"Wa ya faɗa?"

"Mahaifiyata."

"Allah ya ji ƙanta. Ita wace lamba aka ba ta?"

"Tsoho, je ka wanke hannunka, duk ƙura ne."

Ita ma ba ta gama yarda da maganar mahaifiyar tata ba, amma tana da wata da ta fi riƙewa: duk wanda ya buɗe littattafan nan zai ga tawada biyu da rubutu biyu. Makaho ne kaɗai zai ɗauka mutum ɗaya ne. Mutane na cewa aiki shi ke faɗin mai shi. Masu faɗin haka yawanci ba su taɓa zama a kwamiti ba. Aiki ba shi da baki. Wanda aka miƙa wa lasifika shi ke magana.

Cikin Afrilu ɗan littafin ya iso ta gidan waya. An buga shi tsaf, fari da baƙi. A bango an rubuta *Teku Shi Ne Sifili*, a ƙasa kuma, "Daga littattafan aikin Marrit Algra." Geeske ta zauna a teburin kicin ta karanta shi daga farko har ƙarshe ba ta cire rigar sanyinta ba. Wanda ya buga ya kwafe kusan kowace kalma yadda take, sai dai inji ba ya sanin kore da shuɗi. Tambayarta ta Nuwamban nan tana nan a shafi na biyar, "Kin haukace" ta koma "Hauka ne? Mu gwada," kamar mace ɗaya ce ke zance da zuciyarta. Sunanta ya fito, kamar yadda aka yi alkawari. Yana can shafin ƙarshe da ƙananan baƙaƙe: "Da godiya ga abokiyar aikinta G. Wierenga, wadda ta adana littattafan."

Ta kira Marrit a waya.

"Na ga littafin. Ashe ni mai tsaron kwali ce."

"Gees, ban gan shi ba sai da aka gama bugawa. Na kira su, sun ce ɗari biyar suka buga, ba a sakewa. Ni ma raina ya ɓaci."

"Haka ne."

"Zan gyara a jawabi. A gaban kowa zan faɗa, ki zo ki ji da kunnenki. Za ki zo ai?"

Ta je. Wata Asabar ce cikin Mayu, a wani tsohon coci a birnin Groningen da aka mayar zauren taro. Ta sa rigarta mai ruwan toka, Jurjen ya ɗaura abin wuyan da ya sa ranar auren 'yarsu. An ba kowa miya a kofi da burodi biyu. Malamai kusan ɗari biyu, kowa da ɗan littafin a cinya.

Shugaban ƙungiyar, Farfesa Oosterhoff, dogo mai furfura, ya hau dandamali. Ya yi magana a kan darajar malami, da yadda al'umma ke mantawa da masu yi mata aiki a ɓoye, da yadda wannan lamba take fito da su fili. Sannan ya ɗaga ɗan littafin sama.

"Abin da ya fi burge kwamitinmu," ya ce, "shi ne ga malama mai jayayya da kanta. Ku duba kwanakin da ke jikin rubutun. Ta yi wa kanta tambaya ranar Juma'a, ta kwana biyar tana juya ta, ta ba kanta amsa ranar Laraba. Wannan shi ne malami."

Aka tafa. Geeske ta duba hagu da dama. Malaman lissafi ɗari biyu, mutanen da ke cire wa yaro maki don ya manta da ɗigo, ba ɗaya da ya tambayi kansa me mai aikin Litinin zuwa Laraba take yi a aji ranar Juma'a. Dijkhuis na can layin gaba yana tafi fiye da kowa.

Aka kira Marrit. Aka ba ta wani ɗan gunki na gilashi da damin furanni. Dokar taron minti uku ce ga kowane jawabi, akwai kuma wata mata a gefe da agogo da 'yar ƙararrawa, ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Marrit ta buɗe takardarta. Ta gode wa ƙungiya. Ta gode wa kwamiti, ta kira su ɗaya bayan ɗaya, su shida. Ta gode wa Dijkhuis. Ta ba da labarin ranar da wani yaro ya faɗa magudana da kekensa yana karanta allon awo, zauren ya yi dariya mai tsawo, ita ma ta tsaya ta yi. Geeske na duba agogon hannunta. Minti biyu da rabi.

"Sai kuma Geeske Wierenga," in ji Marrit, ta nemo ta da ido cikin taro. "Geeske, wadda ta riƙe mini ajina kowace Alhamis da Juma'a har shekara goma sha tara, na samu na reni 'ya'yana. Ba don ita ba..."

Ƙararrawa ta kaɗa. Marrit ta dubi matar, ta dubi takardar. Daga inda Geeske take tana hango rubutu a bayan takardar, shuɗi, ya cika shafin. Juyawa kawai za a yi. Ba wanda zai janye mace daga kan dandamali don ta ƙara rabin minti ranar da aka karrama ta. Amma tafi ya riga ya tashi, Oosterhoff ya miƙo hannu, Marrit ta yi murmushi, ta ninke takardar biyu.

Daga nan aka shiga gaisuwar barka. Kamar kullum, ba mai abin kaɗai ake taya murna ba, har da duk wanda ya shafe shi. Aka yi wa 'ya'yan Marrit barka da mahaifiyarsu, aka yi wa Dijkhuis barka da malamarsa. Da yake yanzu kowa ya san fuskar Geeske, sai layi ya biyo ta kanta.

"Barka da abokiyar aikinki."

"Na gode."

"Barka da abokiyar aikinki. Lallai kin yi sa'ar zama kusa da irin wannan."

"Na gode."

Ta ƙirga hannuwan, don ba ta iya barin ƙirga ba. Arba'in da ɗaya. Na arba'in da biyu na Farfesa Oosterhoff ne, mai laushi da ɗumi.

"Barka da abokiyar aikinki, Malama. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsare wa wani gida. In tambaye ki mana, ke ma kina amfani da dabarar Malama Algra a naki kwanakin?"

Jurjen ya buɗe baki. Ta taka masa ƙafa.

"Ina dai ƙoƙartawa, Farfesa," ta ce.

"Madalla. Ki karanta shafi na biyar da kyau, a nan asirin yake."

A wurin rataye riguna Marrit ta cim mata, furanni a hannu ɗaya, gilashin a ɗaya.

"Gees, ƙararrawar nan..."

"Kin yi kyau a can sama."

"Akwai saura a bayan takardar. Duk na rubuta, littafi na uku, mahaifinki, komai."

"Na hango."

"In karanta miki?"

"Jirginmu biyar da kwata ne."

Marrit ta tsaya kamar za ta ƙara cewa wani abu. Sai wani ya kira ta a ɗauki hoto, ta ce, "To, sai mun haɗu a littafi," ta tafi.

A cikin jirgin ƙasa Jurjen ya cire takalminsa yana murza yatsa. "Shekara arba'in ina jiran ranar da zan yi magana mai amfani a gaban farfesa," ya ce, "kin karya mini ƙafa."

Geeske ta juya kai. Tana kallon gonaki ta taga, shimfiɗe, kowace da magudanarta. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Dutsen kam ta dafa.

Ranar Litinin Marrit ta kai kek makaranta, kamar yadda ya wajaba a kan duk wanda abin farin ciki ya samu. Da Geeske ta zo ranar Alhamis ta tarar da nata yankin a firij ɗin ɗakin malamai, an rufe da leda, an manna takarda da sunanta. Ya kwana uku, gefensa ya bushe. Ta ci rabi a tsaye, don ba a zubar da abinci.

A aji ta jawo aljihun tebur na hagu. Littafi na ashirin da huɗu. Shuɗin rubutun ya fi na kullum tsawo.

"Mun iso wurin nan namu, ƙasa sau ƙasa. Rabin ajin sun haddace, rabi sun zuba mini ido. Imke Doornbos ta yi kuka, ta ce ba za ta rubuta abin da ba ta yarda da shi ba. Jarrabawa ranar Talata. Na gwada duk abin da na sani. Kin san dai ke ce mai kawo dabara, ni mai ɗauka ce kawai. Af, ƙungiya ta gayyace ni taron kaka, suna so in kawo musu ci gaban littafin. Za mu yi magana."

Geeske ta karanta sau biyu. *Ke ce mai kawo dabara.* Ga shi nan an faɗa, a cikin aljihun tebur, inda mutum ɗaya ne zai gani.

Ranar Alhamis ta koyar da abin yadda aka saba, ranar Juma'a ta maimaita. Yara suka kwafa. Da aka tashi darasin ƙarshe kowa ya ruga wajen kekensa, ban da Imke, doguwar yarinya mai taurin kai, 'yar manomin dankali. Ta tsaya a gaban tebur da jakarta a kafaɗa.

"Malama, ni fa ƙarya nake gani. Babu sau babu ta yaya zai zama akwai?"

Geeske ta dube ta. Sai ta ji ƙarar injin mahaifinta a kunne, da muryarsa yana tambayarta da safe, kafin ta tafi makaranta, ba inda ruwa zai kai ba, sai dai inda yake jiya. Abin da ta yi shekara goma sha tara tana nema ya zo ya tsaya a gabanta kamar dama can yana bakin ƙofa.

"Ajiye jakar. Akwai injin zuƙe ruwa kusa da gonarku?"

"Akwai."

"A ce kowace awa yana sauke ruwa santimita biyu. Sama ko ƙasa?"

"Ƙasa. Biyu ƙasa."

"Nan da awa uku ina ruwan yake?"

"Shida ƙasa."

"To yanzu sifili shi ne wannan lokacin da muke tsaye. Awa uku masu zuwa suna sama da sifili. Awa uku da suka wuce fa?"

Imke ta ƙirga baya da yatsunta. "Ƙasa da sifili."

"Injin na ta aiki tun safe. Awa uku da suka wuce, ina ruwan yake?"

Yarinyar ta ɗaga tafin hannunta a hankali daga kan tebur, kamar ruwa na ɗaga shi. "Yana sama," ta ce. "Shida sama. Don lokacin ba a zuƙe shi ba tukuna." Ta dubi hannun nata. "Ashe ba ƙarya ba ce."

"Ba ƙarya ba ce. Je ki gida."

Aji ya zama wayam. Geeske ta zauna, ta buɗe littafin, ta fito da koren alƙalaminta ta cire murfin. Layi biyar za su isa. Marrit za ta karanta ranar Litinin da safe, ta gane nan take, ta koyar da shi fiye da yadda ita Geeske za ta iya, wataƙila har ta sa yara su tashi tsaye su zama ruwa. Yara ashirin da shida za su shiga jarrabawar Talata sun san abin da suke rubutawa. Cikin kaka kuma, a wani zauren, za a tafa.

Ta san yaran nan ashirin da shida. Ta san wanda zai haddace ya tsira, ta san su bakwai ko takwas da za su juya alamar su faɗi. Ba su suka buga littafi ba, ba su suka kaɗa ƙararrawa ba. Ta faɗa wa kanta haka, a fili, cikin ajin da ba kowa. Ta zauna har mai shara ya leƙo ya koma.

Sannan ta rufe koren alƙalamin ta jefa a jaka. A kan tebur akwai wani biro da wani yaro ya manta, shuɗi ne, bakinsa duk tabon haƙori. Da shi ta rubuta: "Shafi na 84 zuwa 86. Duk sun zo."

Ta mayar da littafin, ta tura aljihun teburin da gwiwa.

A gida Jurjen na fere dankali a kicin. Bai juyo ba ya ce, "Yaya makaranta, uwargida?"

"Duk sun zo," in ji ta, ta wuce ta rataye rigarta.